Wuƙa mai haƙora ma tana wasuwa

A kasuwar Argungu na sha jin ana cewa wuƙar aljihu mai bakin zarto ba ta wasuwa, in ta dakushe sai a yar. Ba haka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya kai ta wurin mai injin wasa wuƙa, ya kwantar da ita kan dutse kamar wuƙar mahauta, ya share haƙoran tas. Na ga wani masunci ya karɓi tasa bayan irin wannan aiki, bakin ya koma sumul, ko igiyar koma ba ta ci. Raina ya ɓaci ranar.

Ku duba ruwan wuƙar da kyau. Gefe ɗaya kawai aka fafe haƙoran, ɗaya gefen a shafe yake. Don haka siririn magagari mai zagaye ake sa wa cikin kowane gurbi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Sai a juya, a goge ɗan ƙarfen da ya tankware ta baya. Aikin haƙuri ne, shi ya sa ake gudunsa.

Tsinin haƙoran ke shan gogayya, gurbin na ɓoye da kaifinsa, don haka take daɗewa ba ta dakushe ba. Kamfanin Spyderco na Amurka ya fito da wuƙa mai naɗewa mai haƙora a 1982, tsarinsa gurbi babba ɗaya, ƙanana biyu. In taka irin wannan ce, nemi magagari mai tsini, ya shiga manyan da ƙananan duka.