Waiwaye: Daga ina aka samo zancen "kiɗa a jininsu yake"?

Wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude. Mata biyu ko uku ne a kan turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, ba a taɓa karo. In abin ya yi daɗi sai ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta sauke ta daidai gurbin da aka bar mata. Babu mai ƙirga musu ɗaya, biyu, uku. Yaron da ke goye a baya kuwa kansa na lilo tare da kowace sauka.

Baƙo in ya ga haka, abin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne "ai abin a jininsu yake". Mu ma mun karɓi maganar, muna faɗinta da alfahari. Sai dai maganar tana da tarihi, kuma ba daga yabo ta faro ba.

Tun farko ma sunan abin rigima ne. Abin da Turawa ke kira ridim, wato yadda bugu da shiru ke jeruwa cikin lokaci, ba shi da kalma guda a Hausa. Muna da kiɗa, da taki, da karin waƙa, da rawa, kowanne ya ɗauki wani ɓangare. Masanin kiɗa ɗan Ghana, Kofi Agawu, ya lura da irin wannan a harshen Ewe na Ghana da Togo, ya kuma yi rubutu a 1995 yana cewa "ridim na Afirka" a matsayin wani abu guda, Turawa ne suka ƙera shi. A nan zan riƙa cewa takin kiɗa.

Auna taki ba Turai kaɗai ta san shi ba. A Basra, Khalil ibn Ahmad, wanda ya rayu a ƙarni na 8, ya tsara ilimin aruli, ya fitar da karuruwa 15 na waƙar Larabci, daga baya Akhfash ya ƙara na 16. Ana ba da labarin cewa sautin gudumar maƙera tagulla a kasuwa ne ya ankarar da shi. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya nuna inda magabata suke neman tushen kari: wurin aikin hannu. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya yi dogon bayani kan iƙa'i, wato takin kiɗa, a babban littafinsa na kiɗa. A ƙarni na 13 Safiyuddin al-Urmawi na Bagadaza ya riƙa zana takin a matsayin da'ira, inda ƙarshe ke komawa farko. Wannan arulin na Khalil shi malaman ƙasar Hausa suka ɗora rubutattun waƙoƙinsu a kai, shi ya sa har yau ɗalibin Hausa a jami'a ke haddace karuruwa irin su Mutaƙarab da Kamil. A Indiya kuma suna da tala, zagaye ne na bugu, wanda aka fi sani yana da 16, kuma ɗalibin ganga sai ya iya faɗinsa da baki kafin a bar shi ya taɓa fata.

Turai ta bi wata hanya, ta takarda. Wajen 1280 Franco na Kolon ya bayyana tsarin da siffar alama ke nuna tsawon sauti. A ƙarni na 17 layukan da ke yanka kiɗa gida-gida daidai wa daida suka zama ruwan dare, ana sa ran bugun farko na kowane gida shi ne mai nauyi. Sai a 1815 Johann Maelzel ya yi rajistar na'urar metronom, mai sanda da ke kaɗawa kamar ta agogon bango (asalin dabarar ta wani Dietrich Winkel ce a Amsterdam, Maelzel ya yi masa shigar sauri). A 1817 Beethoven ya wallafa lambobin na'urar don manyan kaɗe-kaɗensa. Daga nan "daidai" ya koma yana nufin daidai da agogo.

To da wannan kunnen aka zo sauraren gangunan Afirka. Abin da bai shiga gidajen takarda ba sai aka kira shi hayaniya, ko kuma abin tsoro. A Karolina ta Kudu a Amurka, bayin da suka yi tawayen Stono a 1739 sun yi tattaki suna buga ganga, shekara na zagayowa, a 1740, aka yi dokar hana bayi mallakar ganguna da ƙahonni. Bayin suka mayar da kiɗan kan cinya da ƙirji da tafi. Masu mallakarsu suka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa abin ɗabi'a ce kawai, irin ta wanda jiki ke ja ba hankali ba.

Ko masana da suka zo da kyakkyawar niyya ba su kuɓuta ba. A 1928 Erich von Hornbostel, wanda ke kula da taskar faya-fayan kiɗa a Berlin, ya rubuta cewa Bature na fara kiɗa daga ji, ɗan Afirka kuma daga motsin jiki. Léopold Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Senegal, ya juya zancen ya mai da shi abin tinƙaho, har ya ce a 1939 shauƙi na baƙar fata ne kamar yadda hankali yake na Girkawa. A ganina wannan rabon gado ne da aka cuce mu a cikinsa. Wanda aka ce abu a jininsa yake, an ce ke nan bai sha wahalar koyonsa ba.

Ɗan mishan A. M. Jones, wanda ya daɗe a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, ya ɗan gyara lamarin. Ya zauna da Desmond Tay, gwanin makaɗin Ewe, suka bi kiɗa ganga bayan ganga, littafin ya fito a 1959. Abin da ya bayyana shi ne tsari mai tsauri: ƙararrawar ƙarfe tana maimaita bugu 7 a cikin zagaye mai gurbi 12, kowace ganga tana da ƙofar shigarta, kuma mai sauraro na iya jin zagayen a matsayin uku-uku sau huɗu ko huɗu-huɗu sau uku. Lissafi ne, sai dai ba a takarda yake ba.

Mu da ke kusa da abin bai kamata mu buƙaci Jones ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma gado a nan na nufin shekaru ana bin uba. Yaron gidan makaɗa yakan fara da ɗaukar kaya, sannan a rataya masa ƙaramar ganga kamar kuntuku, wadda aikinta riƙe taki ɗaya ba canji. In ya kauce, harara ko makaɗi a ka ne gyaransa. Sai ya daɗe a nan kafin a ba shi kalangu, inda zai koyi matse tsarkiya a hammata don fata ta hau ta sauka kamar muryar mutum, ta faɗi taken wane da kirarin wane. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari na sarki. David Ames da Anthony King sun cika littafi guda a 1971 da kalmomin kiɗan Hausa kaɗai. Abin da ake haifar mutum da shi ba ya buƙatar wannan tarin sunaye da matakai. Kuma in a jini yake, me ya sa a gidan biki kullum ba a rasa mai tafin da ke saɓa wa na kowa?

Abin dariya, Turai ma ta gano takarda ba ta isa ba. Émile Jaques-Dalcroze ya fara koyarwa a makarantar kiɗa ta Geneva a 1892, ya tarar ɗalibansa na karanta alamomi tiryan-tiryan amma ba sa iya riƙe taki. Sai ya tashe su daga kujera, ya sa su tafiya da tafi da lilo suna bin kiɗa. Carl Orff ya yi makamancin haka a Munich daga 1924. Yau ana biyan kuɗi a koyi waɗannan hanyoyi, waɗanda 'yan matan gaɗa ke yi a dandali kyauta.

Kimiyya ta shigo a makare, amma ta raba gardamar gida biyu. A 2009 István Winkler da Henkjan Honing da abokan aikinsu sun sa wa jarirai 'yan kwana biyu zuwa uku na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa a Hungary, suka kunna musu kiɗa, suna cire wani bugu jefi-jefi. Da aka cire bugu mai nauyi, ƙwaƙwalwar jariran ta nuna alamar ta yi tsammaninsa. Ke nan akwai abin da ake haihuwa da shi, amma na ɗan Adam ne duka. A shekarar ce kuma Aniruddh Patel ya nuna wani aku mai suna Snowball yana sauya kaɗa kansa in an ƙara ko an rage saurin kiɗa.

Ɗaya gidan shi ya fi jan hankalina. A 2005, a Kanada, Jessica Phillips-Silver da Laurel Trainor sun kunna wa jarirai 'yan wata 7 wani kiɗa da ba a fifita kowane bugu a cikinsa ba. Wasu aka riƙa jijjiga su a kowane bugu na biyu, wasu a na uku. Daga baya kowane rukuni ya fi son sauraren kiɗan da nauyinsa ya faɗi inda aka jijjiga shi. Jiki ne ya gaya wa kunne abin da zai ji. A wannan shekarar Erin Hannon da Sandra Trehub sun gwada kiɗan yankin Balkan, mai taki gajere da dogo a gauraye. Manya 'yan Arewacin Amurka sun kasa gane inda aka ɓata shi. Jarirai 'yan wata 6 sun gane. 'Yan wata 12 sun fara rasa wannan basira, amma da aka yi mako biyu ana kunna musu kiɗan a gida sai ta dawo. Duk lokacin da na tuna wannan sai yaron nan na goye a bakin turmi ya faɗo mini. Kafin ya iya cewa "inna" ya riga ya yi wata da watanni a aji.

A Bamako, Rainer Polak ya auna kiɗan gangar jembe da kwamfuta, ya ga makaɗan ba sa raba bugu kashi uku daidai. Akwai gajere, akwai mai ɗan tsawo, kuma suna maimaita wannan rashin daidaiton ba kuskure, daga farkon kiɗa har ƙarshe, ko da gudu ya ƙaru. Abin da metronom zai kira karkata, shi ne ƙa'idar.

A 2024 Nori Jacoby da Josh McDermott, tare da masu bincike da yawa, suka fitar da sakamakon gwajin rukuni 39 a ƙasashe 15. Ana kunna wa mutum bugu uku da aka jera barkatai, ya kwaikwaya da yatsa, a mayar masa da nasa ya sake, har ya zame zuwa takin da kunnensa ya saba da shi. Kowa ya karkata zuwa rabo mai sauƙi, amma kowace al'umma da nata da ta fi so, kuma ya yi daidai da kiɗan garinsu. Ɗaliban jami'a kuwa, a ƙasashe daban-daban, sun fi kama da mutanen Amurka fiye da makaɗan gargajiya na ƙasarsu.

A situdiyon Kano da Kaduna yanzu da fiyano da kwamfuta ake haɗa yawancin kiɗa. Sautin kalangu na nan a ciki, an naɗe shi an ajiye, kuma manhajar tana da maɓallin da ke jawo kowane bugu ya zauna cif a kan layi. Shi jariran bana ke ji daga wayar da ke hannun uwa.