Rana ɗaya a mako: magana da 'yan uwanmu na ƙetare, da mu masu jiran aike a gida

Bara cikin watan Agusta ƙanwata ta zo hutu daga Ingila, ita da 'ya'yanta biyu. Ma'aikaciyar jinya ce, a nan Zariya ta yi karatu, ta yi aiki na wasu shekaru kafin ta tafi. Kwana uku da saukarta muna zaune a tsakar gida a Tudun Wada, ruwa ya ɗauke, sai ta ce, "Yaya, kaina ne ke sarawa tun a jirgi." Na ɗauko abin awon jinin da ba na rabuwa da shi a jaka, na ɗaura mata. 164 bisa 102. Na ce ta kishingiɗa, bayan minti goma na sake, bai wani sauka ba. Washegari da safe ma haka. Shekarunta 36, kuma ita ce kullum mai ɗaura wa wasu.

Na tambaye ta yaushe rabon da ta wayi gari ba ta da inda za ta. Ta yi ta lissafi da yatsu, can ta yi dariya ta ce tun ƙaramar Sallah. Ita tana dutin dare a asibiti, maigidanta yana aikin rana. Da safe tana shigowa, shi yana ɗaure takalmi. A bakin ƙofa suke gaisawa, ya miƙa mata mabuɗin mota, ta kwashi yara zuwa makaranta, ta dawo ta kwanta ta yi barcin awa huɗu ko biyar. Ranar da aka ba ta hutu sai ta karɓi dutin wata. Ga haya, ga ginin da ake yi musu a nan gida, ga kuɗin makarantar ƙannenmu. Ba zan ɓoye ba, har da saƙona a cikin masu shiga wayarta.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, aikina awon ciki, rigakafi da zagayen unguwa. Amma a Zariya da wuya ka shiga layi ba ka tarar da gidan da ke da wani a waje ba. Garin jami'a ne tun 1962, ga asibitin koyarwa na Shika. Likitoci, ma'aikatan jinya da malamai na tafiya Saudiyya, Ingila, Kanada, wasu kuma karatu ya kai su Maleshiya ko Masar. Idan sun zo hutu, da yawansu kan biyo a auna su, kuma labarin kusan ɗaya ne da na ƙanwata. Shi ya sa nake son mu yi maganar rana ɗaya a mako, wadda miji da mata da yara za su keɓe, ba aiki, ba karɓar dutin kowa.

Wani zai ce, mu da muka taso a nan wa ya taɓa keɓe mana wata ranar iyali? Gaskiya ne, ba a keɓe ba, domin ba a bukata. Garin ne da kansa yake keɓewa. Alhamis da Juma'a makarantar allo na hutu. Ranar Juma'a kasuwa ta yi sanyi tun hantsi, maigida ya sa manyan kaya ya riƙe hannun ɗansa zuwa masallaci, in an sauko a biya gidan kaka, a ci abin da aka tarar. 'Yan uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari suna da Lahadinsu. Ga suna, ga biki, ga gaisuwar rashin lafiya, ga ta'aziyya. Ko ba ka so, za a tashe ka daga shago. Yaro in ya ishi uwarsa, ta tura shi gidan maƙwabta. Mace in ta haihu, ga uwa ga gwaggo har a yi arba'in. Duk wannan hutu ne, kuma magani ne, sai dai ba mu taɓa kiran shi da suna ba, kamar yadda ba a yi wa iska godiya sai an shiga ɗakin da ba taga.

To wanda ya hau jirgi a Kano ko Abuja, duk wannan a nan ya bar shi. Can ba zaure, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce ba ta ji motsinki ba. Juma'a ranar aiki ce a Turai da Amurka, Sallah ma sai ka nemi izini. Abin da gari yake yi maka kyauta, yanzu sai ka yi wa kanka da hannunka, in ba haka ba babu mai yi.

Jiki kuwa yana da nasa lissafin. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da sakamakon bincike a kan dogon aiki. Sun gano cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya fi na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma ya fi da kashi 17. Sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum dubu 745 ne suka mutu ta wannan hanya. Ku lissafa da kanku: dutin awa 12 sau biyar ya kai awa 60, ba a sa tafiya da dawowa ba, ba a sa girki da wanki ba.

Yadda abin yake ba boyayye ba ne. Idan mutum yana cikin matsi, jiki kan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, jijiyoyin jini su tsuke, suga ya hau. An yi su ne don gudun ceton rai na ɗan lokaci, sannan su lafa. Barci da hutu ne ke lafar da su. In ba a samu ba, mako ya bi mako, sai jinin ya zauna a sama. Ga shi mai gajiya ba ya girki, abin leda mai gishiri yake ci a tsaye, ya kora da lemo ko shayi mai kauri don ido ya buɗe. Kuma hawan jini ba ya sallama. Ƙanwata ta ci sa'a kanta ya yi ciwo. Da yawa ba sa jin komai sai ranar da baki ya karkace.

Akwai kuma abin da na'urata ba ta aunawa. A zuwan nan nasu, Inna ta miƙa wa babban jikan nata hannu ta ce, "Zo nan, maigidana, ka manta da matarka?" Yaron, ɗan shekara bakwai, ya juya ya kalli uwarsa yana jiran fassara. Inna ta yi dariya, amma na ga ta goge ido da bakin gyale. Ba laifin yaron ba ne. Daga safe zuwa yamma Turanci yake ji a makaranta, ya dawo ya tarar da uwa na barci ko uba ya gaji, a miƙa masa waya don a samu shiru. A wace awa zai ji Hausa? A wace awa zai ga yadda ake durƙusa wa babba, ko ya ji iyayensa suna hira suna dariya? Mu Zage-zagi da ake tsokana wai ba mu bambanta mace da namiji a magana, to ko wannan Hausar tamu ai sai an zauna da yaro zai ɗauka.

Aure ma haka. Miji da matar da maganarsu ta koma "ka biya kuɗin wuta?" da "wa zai ɗauko yara?", ƙaramin saɓani sai ya kwana ya yi tsami, saboda babu lokacin da za a zauna a warware, babu kuma babban da zai kira su ya yi musu faɗa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne matan da suka bi mazajensu karatu, suna cikin gida daga su sai jariri. A Landan cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Mai jego a irin wannan hali, ba mai riƙa mata yaro ta yi wanka, tana iya faɗawa cikin ciwon damuwa na bayan haihuwa, a ɗauka ƙyuya ce ko kewar gida. A gare ta, ranar da miji zai zauna ya karɓi jaririn ta yi barci ba kwalliya ba ce.

Na san amsar da za a ba ni, domin ƙanwata ta ba ni ita: "Yaya, ba hutu ya kai mu ba." Na yarda. Haya a can ba wasa ba ce, kuma ɗalibin da takardarsa ta ba shi damar aikin awa 20 kacal a mako lokacin karatu, kowace awa kuɗi ce a wurinsa. Amma kuɗin duti ɗaya a mako bai kai kuɗin jinyar shanyewar jiki ba, kuma wanda ya kwanta, aiken ma ya tsaya gaba ɗaya. Su kansu ƙasashen sun san da haka. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai ga ma'aikatan masana'antu. Dokar Birtaniya ta 1998 ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a mako, ko awa 48 a mako biyu, ta kuma sa iyakar aiki a matsakaicin awa 48. Sai dai mutum na iya sa hannu ya ce ya yafe wannan iyaka, kuma mutanenmu da yawa suna sa wa tun ranar farko ba tare da sun karanta ba. Ana iya janye wannan sa hannun ta hanyar rubuta wa wurin aiki. A addini ma, da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda'i ya shagala da ibada har ya bar iyalinsa, ce masa ya yi Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In ibada ba ta zama hujjar tauye iyali ba, ina ga ƙarin duti.

Wace rana? Duk wadda ta samu. Mutanen Saudiyya sun huta, tun 2013 hutunsu Juma'a da Asabar ne. A Dubai da Abu Dabi kuwa, daga farkon 2022 ma'aikatan gwamnati suka koma Asabar da Lahadi, da rabin ranar Juma'a. Masu aikin asibiti ba su da tsayayyen ƙarshen mako, don haka sai miji da mata su zauna da jadawalin aikinsu tun kafin ya fito, su nemi rana ɗaya da za ta haɗu, su rubuta ta a bango inda yara za su gani. In rana cur ta gagara a wani makon, a riƙe yini daga Azahar zuwa dare. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kowa ya san tana nan tafe. Yaro da ya san Asabar ta Baba ce, tun Laraba yake lissafi.

Kada kuma a mayar da ita ranar wanki da guga da cefanen mako, domin a nan ne mace ke cutuwa: shi ya huta, ita ta canja wurin aiki kawai. A rarraba waɗannan a cikin mako. Ranar, a bar kowa ya cika barcinsa. A tuƙa tuwo a kaɗa miyar kuka, a ci a kwano ɗaya a ƙasa, da Hausa. A fita a taka, ko da sanyi ake yi, a sa rigunan sanyi a zaga filin unguwa; babba na bukatar motsa jiki na minti 150 a mako, yaro kuma awa ɗaya kullum, kuma fili ba a biyan kuɗin shiga. Tun da na ambaci fita, mai baƙar fata a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi yakan rasa sinadarin bitamin D, har hukumar lafiyar Birtaniya ke ba irinmu shawarar shan maikirogiram 10 kullum duk shekara. A tambayi likita, musamman ga yara da masu ciki. Wayar aiki a kife ta. In akwai wasu Hausawa a garin, a riƙa kai musu ziyara lokaci-lokaci, zumunta a ƙafa take ko a ina ne. Wanda ya tafi shi kaɗai ya bar iyali a Samaru ko Gyallesu, shi ma ya keɓe ranarsa, ya huta, ya kira gida a tsanake ya saurari karatun yara, ba kiran minti biyu a cikin bas ba.

A gida a ajiye abin awon jini, a riƙa gwadawa a wannan ranar, a zaune, bayan an huta. In ana yawan ganin 140 bisa 90 ko fiye, a je asibiti. In mutum ya yi mako biyu ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙi, abinci ya fita ransa, shi ma a je, ba abin kunya ba ne. Baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan ba na jiran gobe ba ne, a kira motar asibiti nan take.

Saura mu na gida, kuma a nan nake fara nuna kaina. Mun ɗauka duk wanda ya ƙetare teku kuɗi yake shara a titi. Kowace bukata, daga ankon biki har canjin waya, sai a tura masa murya. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce babu ba, sai ya sayar da ranar hutunsa ya turo. Bayan abin da na gani a hannun ƙanwata, na tara ƙannenmu a ɗakin Inna muka yi magana. Muka ce bukata in ba ta lafiya ko makaranta ba ce, a jira ƙarshen wata, kuma ta bi ta hannun mutum ɗaya. Gini ya ɗan dakata a linta. Ƙaraminmu ya ɗan kumbura, Inna ta ce masa, "Kai kuma me ya hana ka nema?"

Ita kuma da ta koma ta ga likitanta, an ɗora ta a kan magani, suka daidaita da maigidanta a kan Lahadi. Ba kowace Lahadi take samuwa ba, ta ce a wata suna samun uku. Makon jiya na kira ta da hantsi zan tambaye ta wani abu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce wa Inna ko lafiya. Tana tsintar shinkafa ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ke ma dai, yau ba Lahadi ba ce? Bari sai La'asar, maigidana zai kira ni da kansa."