Gadon garkuwar jiki a namun dajin da ke gab da ƙarewa

Duk wanda ya yi aiki da dabbobi ya san cewa idan tsutsar ciki ko kaska ta shiga garke, ba kowace dabba take kayarwa ba: wata za ta rame har ta kwanta, wata kuwa suna kiwo wuri ɗaya amma ko gezau. Abinci da shekaru suna da nasu tasiri, sai dai wani kaso na wannan bambanci gado ne. A jikin kowace dabba mai shayarwa akwai rukunin ƙwayoyin gado da masana ke kira MHC, wanda aikinsa shi ne ya ɗauko ɗan guntun ƙwayar cuta ya nuna wa sojojin jini domin su gane abokin gaba. Kowane nau'i yana da cututtukan da ya fi iya ganewa, saboda haka garken da ya tara nau'o'i masu yawa da wuya cuta ɗaya ta share shi.

An ga shaidar haka a tumakin Soay da ke rayuwa sake a tsibiran St Kilda na Sikotland, waɗanda ake bibiya tun 1985. Binciken da aka wallafa a 1998 ya nuna cewa 'yan ragunan da ke ɗauke da wasu nau'o'in MHC sun fi jure tsutsar ciki, kuma sun fi rayuwa.

A nan ne matsalar namun dajin da suka yi ƙaranci take. Idan farauta da sare daji suka mayar da dubbai zuwa 'yan tsiraru, dangi na kusa ne za su riƙa barbarar juna, nau'o'in gado su yi ta ɓacewa, kuma ko yawan dabbobin ya farfaɗo, abin da ya ɓace ba ya dawowa da wuri. Babbar kyanwar dajin nan ta jihar Fulorida a Amurka, wadda ake kira fuma, ta ragu zuwa tsakanin 20 da 30 a farkon shekarun 1990, ga lahani a zuciya, ga rashin ingancin maniyyi, ga yawan cututtuka. A 1995 aka kawo fuma mata guda takwas daga jihar Tekzas domin sabon jini ya shigo, kuma daga baya yawansu ya haura 100.

Amma kada a ɗauka cewa gado shi kaɗai ke yanke hukunci. Rabbi, dabbar nan mai kama da damisa da ta shahara da gudu, yana cikin dabbobin da suka fi kowa ƙarancin bambancin gado, har aka dasa wa wasu fatar waɗanda ba danginsu ba jikinsu bai ƙi ta ba, duk da haka rabbin da ke yawo a dajin Namibiya an same su da ƙoshin lafiya, alhali na gidajen ajiye namun daji sun sha fama da cuta. A ganina, raunin gado yakan kwanta shiru ne har sai yunwa, cunkoso ko baƙuwar cuta sun tashe shi.

Baƙuwar cutar kuwa sau da yawa daga dabbobin gida take fitowa. A 1994 wata cutar karnuka mai karya garkuwar jiki ta shiga zakunan Serengeti a Tanzaniya bayan an yi fari, a lokacin da zakunan ke cin ɓaunaye da suka galabaita, jikinsu cike da kaska mai ɗauke da cutar jini. Haɗuwar biyun ta kashe kimanin kashi ɗaya cikin uku na zakunan. Haka ciwon haukan kare ya sha yi wa kyarkecin Habasha ɓarna a tsaunukan Bale.

Saboda haka abin da muke roƙon masu kiwo a gefen gandun daji shi ne su yi wa karnukansu allurar rigakafi a kan kari, su ba dabbobinsu maganin tsutsa da na kaska bisa shawarar likitan dabbobi, su kuma sanar da ma'aikatan gandun daji da zarar sun ga mushen naman daji, ba tare da sun taɓa shi ko sun bar karnuka sun ci ba. Hukumomi kuma su daina yanka hanyoyin da namun daji ke bi daga wannan daji zuwa wancan, domin ta nan ne namiji daga wani garke yake kai wa maƙwabta nau'in gadon da suka rasa.