Ɗaukar darasin malami a waya: wa ke da haƙƙi, wa ake hukuntawa?

Kusan sati biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a wayoyin ɗalibai a nan Maradi, wai an fito da sabuwar doka, duk wanda aka samu da muryar malaminsa a waya gidan kaso zai kwana. Ɗiyar yayata, wadda ke shekara ta biyu a karatun kiwon lafiya, ta goge darussan wata uku a dare ɗaya saboda wannan saƙon, jarrabawa kuma saura kwanaki. Malamai ma da nasu tsoron. Na ji wasu na cewa idan ka yarda aka sa darasinka a intanet da lasisin buɗewa, wato izinin da ke ba kowa damar kwafa da yaɗawa, to ka yi sadaka da guminka ke nan, kowa na iya goge sunanka ya sa nasa. Zancen biyu duka ba haka suke ba.

Dokar da ake ambato ba sabuwa ba ce. Ita ce mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010, wadda aka sa wa hannu lokacin mulkin riƙon ƙwarya, kuma ofishin BNDA a Yamai ne ke kula da haƙƙin mawallafa a ƙarƙashinta. A samanta akwai yarjejeniyar Bangi ta 1977 da ta haɗa Nijar da sauran ƙasashen OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, sai kuma yarjejeniyar Berne ta 1886, ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mawallafa, wadda ƙasarmu ke cikinta. Marubuta, mawaƙa, masu zane, masu fim, masu ɗaukar hoto, duk tana rufe su. Malamin jami'a ma yana ciki, domin Berne ta ambaci lacca da jawabi da huɗuba da sunansu a cikin ayyukan da ake karewa. Ba sai malami ya je ya yi rajista a wani ofis ba. Da ya tsara darasinsa ya gabatar, haƙƙi ya tabbata, kuma mafi ƙarancin wa'adin da Berne ta yanka shi ne rayuwar mai aikin da shekara 50 bayan rasuwarsa.

Sai dai a lura da abin da ake karewa. Ba ilimin kansa ba ne. Yadda zuciya ke tura jini, ko yawan takin da gero ke so a ƙasar jigawa, ba mallakin kowa ba ne, ɗalibi ya ji ya rubuta da kalmominsa ya koyar da wani, babu mai ce masa don me. Abin da doka ta ba malami shi ne siffar da ya zuba ilimin a ciki: kalmominsa, jerin misalansa, zanen da ya yi da hannunsa, allunan da ya haska. Masu cewa haƙƙin mallaka ɓoye ilimi ne, a nan suka yi tuntuɓe.

To, batun kaso. Laifin da doka ta tanadar wa hukunci shi ne satar fasaha, wato ka kwafi aikin wani ka yaɗa shi ga jama'a ko ka sayar ba da izininsa ba. Mai haƙƙi yana iya neman diyya a kotu, ana iya ƙwace kayan da aka kwafa, kuma idan laifin ya tabbata alƙali na iya yanke tara ko ɗauri. Amma alƙali ne ke yankewa, bayan an kai ƙara an saurari kowa. Ba jandarma ba ne zai tare ɗalibi a bakin ƙofar makaranta ya ce buɗe wayarka. Wanda hukuncin ke nema shi ne mai tara darussan wani ya zuba su a katin waya yana sayarwa jika-jika, ko mai buɗe shafi a YouTube yana cin kuɗin talla da muryar malamin da bai ma san an ɗauke shi ba. Yarinyar da ta ajiye wayarta a kan tebur don ta sake saurare da dare ba ta cikin wannan sahun.

Ban ce ɗalibi ya ɗauka yadda ya ga dama ba. Malami na da ikon ya ce bai yarda ba, makaranta ma tana iya hanawa a dokokinta na cikin gida, wanda ya saɓa kuma zai fuskanci ladabtarwar makaranta. Tambaya kafin a kunna waya ita ce mafita, kuma ladabi ne da muka gada. Inda ɗalibai ke faɗawa rami shi ne turawa. Ka ɗauka don kanka, sai ka jefa a guruf mai mutum ɗari biyu, daga nan wani ya ɗora a Facebook. A wannan gaɓar ka bar amfanin kai ka shiga yaɗawa, kuma yaɗawa sai da izini. Ni dai a raina ina ganin malamin da ke hana ɗauka kwata-kwata ya tsananta. Yaron da ya zo daga Dakoro ko Mayahi, yana zaune can ƙarshen aji mai cunkoso, darasi na gudu da Faransancin da bai gama zama a kunnensa ba, littafin da ake magana a kai kuma kuɗinsa ya fi na abincin wata, wannan murya da ya ɗauka ita ce littafinsa. Doka ta ba malami iko, amma ba ta tilasta masa ya yi rowa ba.

Lasisin buɗewa an ƙirƙiro shi ne don malamin da ba ya son rowa kuma ba ya son a cuce shi. Ƙungiyar Creative Commons da aka kafa a Amurka a 2001 ta fitar da lasisinta na farko a Disamba 2002, wanda ake amfani da shi yanzu kuma shi ne 4.0 na 2013. Jami'ar MIT ta daɗe tana sakin darussanta da irinsa, UNESCO kuma ta amince da shawara kan buɗaɗɗun kayan karatu a 2019. Malami ba ya sayar da haƙƙinsa, ba ya kyautar da shi. Izini ne yake rubutawa tun kafin a tambaye shi, da sharuɗɗa. Alamar BY na nufin dole a ambaci sunansa, kuma dukkan nau'o'i shida na lasisin suna ɗauke da ita. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu: almajirin zaure ba ya kawo mas'ala sai ya ce daga bakin Malam wane ya ji. SA na nufin wanda ya gina a kan aikin ya saki nasa da irin lasisin, ND kuma kada a yaɗa shi bayan an sauya shi, har da fassara. Wanda ya goge sunan malami ya karya sharaɗi, izinin ya faɗi, ya koma mai satar fasaha kamar duk wanda ba shi da izini.

Alamar da ta fi ruɗa mutane ita ce NC, wato ba don kasuwanci ba. Da yawa sun ɗauka duk inda kuɗi ya gifta an karya ta. Lasisin bai ce haka ba. Abin da ya hana shi ne amfani da aikin da babban nufin samun riba ko biyan kuɗi. Ɗalibi ya sauke takardun darasi, ya kai wa mai fotokwafi ya biya kuɗin takarda da tawada, shin mai shagon ya yi laifi? An taɓa kai irin wannan gaban kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, tsakanin Great Minds, mai shirya kayan karatu da lasisin NC, da FedEx, mai shagunan fotokwafi, a 2018 kotun ta ce shagon da ya buga wa makarantu kayan karatu bisa buƙatarsu bai karya lasisin ba, tunda aike aka yi masa. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Maradi, amma hankali ya kama hujjar. Idan kuwa mai shagon ne da kansa ya buga kwafi hamsin ya jera a kanta yana jiran masu saye, ko mai turi ya sa wa kowane darasi farashi, ciniki ake yi da aikin malami, kuma NC ta hana shi sai an nemi izini na daban. Shi malamin kansa sharaɗin bai ɗaure shi ba. Yana iya mai da darasin littafi ya sayar gobe.

Gaskiya ɗaya ce a cikin tsoron malamai, kuma bai kamata a ɓoye musu ba: lasisin ba ya janyuwa. Kana iya sauke bidiyon daga shafinka, amma wanda ya riga ya kwafa yana da izinin ci gaba da amfani da shi muddin yana bin sharaɗi. Duk wanda zai sa hannu ya yi tunani tukuna.

Kuma mutum ba ya bayar da abin da ba nasa ba. Bidiyon darasi ɗaya yakan tara haƙƙin mutane da yawa. Maganar ta malami ce, amma idan makaranta ce ta kawo kamara ta biya mai ɗauka, tana da nata haƙƙi a kan ɗaukar, kwantiragin aiki ma na iya ba ta rabo a kan abin da malami ya shirya a bakin aikinsa. Shi ya sa ake son takarda tsakanin malami da hukumar jami'a kafin a ɗora komai. Sannan ga kayan aro: zanen da aka ciro daga littafin wani kamfanin Faransa, hoton da aka tsinto a intanet, guntun fim. Doka ta yi sassauci a kan ɗan tsakure da misali don koyarwa, a ambaci mai shi, gwargwadon buƙata. Wannan sassaucin bai ba malami ikon manna wa kayan wani lasisin buɗewa ba. Ko ya nemi izini, ko ya maye gurbinsu da nasa zanen, ko ya yanke su, ko ya rubuta ƙarara cewa wannan yanki ba ya cikin lasisin. A nan dokar ta fi ci mini rai, domin malamin da ke Paris yana da ɗakin karatu da lauyan jami'a da za su nemo masa izini, namu kuwa shi kaɗai ne da kwamfutarsa da wutar da ke ɗaukewa.

Ɗaliban da fuskarsu ko muryarsu ta fito a bidiyo su ma sai an tambaye su, kuma wannan ba batun haƙƙin mallaka ba ne. Lasisin Creative Commons bai shafi sirrin mutum da hotonsa ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ɗalibar da ta ɗaga hannu ta yi tambaya a aji ba ta yarda duniya ta kalle ta ba, wata ma gidansu ba za su ji daɗi ba. A juya kamara ga allo, malami ya maimaita tambayar da bakinsa, wanda ya yarda a nuna shi kuma ya sa hannu a takarda mai bayyana inda za a ɗora bidiyon da irin lasisin. A darussan likitanci abin ya fi nauyi: hoton majinyaci, sunansa a jikin takardar gwaji, ko labarin da zai sa 'yan garinsu su gane shi, duk a cire su kafin bidiyon ya bar kwamfutar malami.