Nauyin lissafi a li'irabin jumla da kwamfuta

Nauyin lissafi a li'irabi shi ne awon lokaci da wurin ajiya da kwamfuta ke buƙata kafin ta tantance ko jumla ta dace da ƙa'idojin wani nahawu, ta kuma fitar da bishiyar li'irabinta, wato zanen da ke nuna yadda sassan jumlar suka haɗu. Da yawan matakai ake aunawa, ba da daƙiƙa ba, kuma abin dubawa shi ne yadda matakan ke ƙaruwa idan jumlar ta ƙara tsawo. Harafin n yana wakiltar adadin kalmomin jumla.

Tushen fagen shi ne rabe-raben da Noam Chomsky ya yi a shekarun 1950, inda ya jera nahawu hawa huɗu gwargwadon ƙarfinsu. Na ƙasa ana iya bin jumlarsa kalma bayan kalma sau ɗaya tak, don haka aikinsa daidai yake da n, sai dai ba ya iya riƙe ganga (ƙaramar jumla) cikin ganga ba iyaka. Na can sama kuwa babu wata dabara da za ta tabbatar da amsa a kowane lokaci. A 1973 Peters da Ritchie sun nuna cewa nahawun taciya na wancan zamani, wato mai samar da jumla ta hanyar sauya fasalin wata, idan ba a taƙaita shi ba, ƙarfinsa ya kai wannan hawa. Shi ya sa aikin li'irabi ya tattara a tsakiya.

Nahawu marar dogaro da muhalli

Wannan ɗaya ne daga hawan tsakiya. A nan kowace ƙa'ida tana faɗaɗa rukuni ɗaya ba tare da duba maƙwabtansa ba, kamar a ce jumla ta ƙunshi yankin suna da yankin aikatau. Sananniyar dabarar li'irabinsa ita ce CYK, daga sunayen Cocke da Younger da Kasami. Da farko ana sake fasalin nahawun yadda kowace ƙa'ida za ta haifi rukuni biyu ko kalma ɗaya. Sannan a zana jadawali mai gurbi ɗaya ga kowane yanki na jumlar. Ana fara cike guraben kalma ɗai-ɗai, sai na kalma biyu, sai na uku, har a kai ga gurbin jumlar gaba ɗaya. A kowane gurbi ana gwada duk inda za a iya tsaga yankin gida biyu, a duba ko akwai ƙa'idar da ta haɗa ɓangarorin.

Jumla mai kalma 20 tana da gurbi 210 da wurin tsagawa 1,330. Mai kalma 40 tana da wurin tsagawa 10,660. Wato ninka tsawo sau biyu yana ninka aiki kusan sau takwas, abin da ake rubutawa n³. Dabarar Jay Earley ta 1970 ba ta buƙatar sake fasalin nahawu, kuma tana sauka zuwa n² idan nahawun ba shi da harshen damo. Leslie Valiant ya nuna a 1975 cewa ana iya sauka ƙasa da n³ kaɗan, amma hanyarsa ba ta da amfani sosai ga jumloli masu tsawon da aka saba.

Harshen damo

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. A jumlar «Na ga ɗan malamin da ya zo», wa ya zo, ɗan ko malamin? Bishiya biyu ke nan. Kowane ƙarin yanki mai iya rataya a wuri fiye da ɗaya yana ninka yawan bishiyoyin, kuma Church da Patil sun nuna a 1982 cewa ƙaruwar tana bin jerin lambobin Catalan: 1, 2, 5, 14, 42, 132. Kalma 11 kacal ana iya haɗa su bibbiyu ta hanya 16,796. Saboda haka n³ farashin tantancewa ne da cike jadawali, ba na lissafo bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya ba. Manhajar da ta ce sai ta zayyano su duka za ta cije. Mafita ita ce a bar su a dunƙule cikin jadawalin, a ba kowace ƙa'ida maki gwargwadon yawan aukuwarta, a ciro mafi rinjaye.

Abin da ya wuce wannan hawa

A 1985 Stuart Shieber ya kawo hujjar cewa nahawu marar dogaro da muhalli bai isa ya bayyana kowane harshe ba, daga Jamusancin Suwizalan, inda sunaye ke jeruwa sannan aikatau su biyo a jere, alaƙarsu tana gittawa juna. A shekarar ce kuma Christopher Culy ya kawo irin wannan hujja daga ninkin kalma a harshen Bambara na Mali. Aravind Joshi ya ba da shawarar a ɗan haura kaɗan kawai, da nahawu irin TAG (Tree-Adjoining Grammar) mai sarƙa ƙananan bishiyoyi. Li'irabinsa n⁶ ne: ninka tsawon jumla sau biyu, aiki ya ninku sau 64.

Girman nahawun kansa

Duk alƙaluman nan sun ɗauka nahawun tsayayye ne, jumla kaɗai ke canzawa. Wannan zato yana ɓoye abu babba. Aikin CYK na gaskiya shi ne n³ sau yawan ƙa'idoji, kuma nahawun da aka ciro daga tarin jumloli yakan kai dubban ƙa'idoji alhali jumlar ba ta wuce kalma talatin ba, don haka sau da yawa nahawun ne ke cin lokacin. Idan aka lissafa nahawun cikin abin da ake shigarwa, wasu tsare-tsaren nahawu irin su LFG (Lexical-Functional Grammar) suna faɗawa rukunin matsalolin NP masu tsauri, waɗanda ba a san wata hanya mai sauri ta warware su ba.

Wannan na cikin dalilan da suka sa manhajoji da yawa suka koma li'irabin dogaro, mai haɗa kowace kalma da kalmar da take rataye da ita. Dabarar Jason Eisner ta 1996 tana yin sa a n³, ta Joakim Nivre kuwa tana bin jumla sau ɗaya a n, sai dai idan ta yi kuskure da wuri ba ta komawa baya ta gyara.