Ƙafar da ke hana mai ita barci bayan ɗaukewar al'ada

Wata baiwar Allah da ta haura shekara 50 ta zauna a gabana a ɗakin duba marasa lafiya, ta daɗe tana neman yadda za ta faɗi abin da ke damunta. Ta ce ba zogi ba ne, ba kuma ɗaurewar jijiya ba. "Malama, da na kwanta sai in ji kamar kiyashi na yawo a cikin sharaɓata. In na tashi na zaga tsakar gida sai ya lafa, ina komawa shimfiɗa ya dawo." An ce mata sanyi ne, ta sha jiƙo har ta gaji. Tun da al'adarta ta fara tsallake wata abin ya tsananta.

Wannan lalura sananniya ce a wurin likitoci. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana ta tun 1672, sannan a 1945 likitan ƙasar Suwidin Karl-Axel Ekbom ya ba ta sunan da ke nufin ƙafafu marasa natsuwa. Alamominta ba sa ɓuya: tana tasowa in an zauna ko an kwanta, ta fi ƙarfi da yamma zuwa dare, motsi kuma yana kwantar da ita na ɗan lokaci. Ta fi kama mata. A shekarun ɗaukewar al'ada, wato galibi tsakanin 45 da 55, ga zafin nan da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, ga gumin dare, sai ƙafa ta zo ta ƙwace ɗan barcin da ya rage.

Abin da nake koya wa mata shi ne atisayen matse tsoka da sakinta, wanda likitan Amurka Edmund Jacobson ya tsara wajen shekarun 1920. Hikimarsa ita ce tsokar da aka matse da gangan ta fi sakin jiki sosai in an sake ta. Ba ya cire lalurar daga tushe, kada in yaudare ki, amma yana rage tsananinta, yana kuma shirya jiki ya karɓi barci.

Ki yi shi bayan sallar isha'i, tun ƙafar ba ta fara tata ba. Yawanci a nan ake kuskure: sai an kai tsakar dare ƙafa ta riga ta birkice sannan a tuna da atisaye. Ki kwanta rigingine a kan tabarma ko katifa, ki sassauta zani, ki ja numfashi ta hanci a hankali sau uku. Ki fara da yatsun ƙafa, ki dunƙule su kamar za ki ɗauki tsinke da su, ki ƙirga ɗaya zuwa biyar, sannan ki sake su gaba ɗaya lokaci guda. Yanzu ki tsaya ki ƙirga har ashirin, kina sauraron yadda ɗumi da nauyi ke sauka a wurin. Wannan tsayawar ita ce maganin, kuma ita ce mata suka fi gaggawar tsallakewa. Daga nan ki janyo tafin ƙafa zuwa wajen fuskarki har ki ji sharaɓa ta miƙe, ki riƙe, ki saki. Sai cinya: ki danna bayan gwiwa a kan shimfiɗa. Sai mazaunai, sai ciki, sai kafaɗu ki ɗaga su wajen kunne. Kowane wuri sau biyu. Kada ki riƙe numfashi lokacin matsewa, musamman in kina da hawan jini, kuma matsi na tsaka-tsaki ya isa. In kika ji tsoka na neman ɗaurewa, ki sassauta. Duka-duka minti goma ne zuwa sha biyar.

Kafin ki kwanta ɗin, ki dafa bango da hannu biyu, ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, diddigen ta bayan a ƙasa, ki ɗan karkata gaba har ki ji jan sharaɓa. Daƙiƙa 30, sai ki canza ƙafa. Wasu suna jin daɗin tsoma ƙafa a ruwan ɗumi sannan a murza da man kaɗanya daga idon sawu zuwa gwiwa. Mai ciwon sukari ta fara gwada ruwan da gwiwar hannu, don ƙafarta tana iya ƙonewa ba ta ji ba. Tafiya da rana ma tana taimakawa, amma wahalar da jiki dab da kwanciya kan tayar da abin.

Sai dai duk atisayen nan ba zai yi nisa ba in jiki na fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda shi ne babban abin da ake dangantawa da lalurar. Mata da yawa suna zubar da jini mai yawa a shekarun da al'ada ke shirin tsayawa, ajiyar ƙarfen jikinsu ta ƙare ba su sani ba. Ki nemi a yi miki gwajin feritin, shi ne ke nuna ajiyar, don gwajin yawan jini yana iya fitowa lafiya alhali rumbun ya yi ƙasa. Kada ki sayi ƙwayar ƙarin jini ki yi ta sha ba awo, yawan ƙarfen ma illa ne. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo suna da shi, lemo ko tumatir a gefe suna taimaka wa jiki ya tsotse shi, shayi kuwa a kan abinci yana rage hakan. Goro da kofi da shayi mai kauri bayan la'asar, a haƙura da su. Na san maganar goro ba ta yi wa iyayenmu daɗi, amma a gwada na mako biyu a gani.

Ki kuma duba abin da kike sha don neman barci. Piriton da Phenergan, waɗanda ake saya a kemis ba takarda, suna cikin magungunan da ke ƙara tayar da ƙafar. Wanda likita ya rubuta miki kuwa kada ki daina da kanki, ki kai masa kwalin ya duba.

In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, kada a murza ta ko kaɗan, a tafi asibiti a ranar, don yana iya zama gudan jini a jijiya. Haka in jini ya dawo bayan shekara guda cur da ɗaukewar al'ada.