Ma'anar "Bare Infinitive": Me Ya Sa Ake Cewa "Let Him Go" Ba Tare da "To" Ba?

Duk wanda ya taɓa zama ajin Turanci an koya masa cewa asalin aikatau yana tafiya ne da "to" a gabansa: "to go", "to eat", "to write". Wannan shi malaman nahawu ke kira "infinitive", wato aikatau wanda bai nuna jiya ko gobe ba, bai kuma nuna wanda ya yi aikin ba. To amma akwai wuraren da "to" ɗin ke faɗuwa, aikatau ya tsaya shi kaɗai. Shi ne "bare infinitive". Kalmar "bare" na nufin abin da ba a lulluɓe ba, shi ya sa nakan kira shi tsuran aikatau: babu "to" a gaba, babu "-s" ko "-ed" ko "-ing" a baya.

Wuri na farko kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba. Bayan "can", "will", "must", "should", "may" da 'yan uwansu, tsuran aikatau ne ke biyowa: "She can swim", "They must wait". Haka ma bayan "did". Ana cewa "Did he come?", ba a cewa "Did he came?", domin "did" ya riga ya ɗauki nauyin shuɗaɗɗen lokaci. A cikin 'yan uwan su "can" da "must", "ought" ne ya fita zakka, shi sai da "to".

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne jimlar da wakilin suna ya shiga tsakanin aikatau biyu. Kwanakin baya na duba littafin wata ɗaliba da nake taimaka wa da karatu. Ta rubuta "The teacher made me waited". Daga baya ta ja layi a kan "waited", ta rubuta "to wait" a samansa da ƙananan baƙaƙe. Ta ji a jikinta akwai gyara, amma gyaran ma bai dace ba. Daidai shi ne "The teacher made me wait". Abin ya tsaya mini a rai, domin ba rashin ƙwazo ne ya jawo kuskuren ba. Hausarta ce ke aiki a ƙarƙashin Turancin.

Mu cewa muke yi, "Malam ya sa ni na jira." Dubi yadda "ni" ya zo, sannan "na" ya biyo shi. Wakilan suna biyu ke nan na mutum ɗaya, kuma na biyun shi ke riƙe da lokaci. Haka yake a "Bar shi ya tafi": ga "shi", ga "ya". Kunnen Bahaushe ya saba da jin an sake ɗora lokaci a kan aiki na biyu, don haka in ya zo Turanci sai hannunsa ya nemi ƙara "-ed" ko "-s". Turanci kuwa sau ɗaya yake nuna lokaci, a aikatau na farko. "He makes her laugh", "He made her laugh", "He will make her laugh": "make" ne ke sauyawa, "laugh" bai motsa ba.

Shi ma wakilin sunan yana da sigar da dole ya zo da ita, sigar karɓau: "me", "him", "her", "us", "them". Ko da yake shi ne zai yi aiki na biyu, aiki na farko a kansa ya faɗa, kuma wannan ne ke yanke hukunci. Saboda haka "Let him speak" ne daidai. In mutum biyu ne, kamar "Let her and me try", hanya mai sauƙi ita ce a cire ɗayan a saurara. Ba wanda zai ce "Let I try", don haka "me" ne. "Let's" ɗin da ake faɗa kullum ma taƙaitaccen "let us" ne.

Aikatau uku ne manya a wannan tsari: "make", "let" da "have". Abin lura shi ne kowannensu yana da ɗan uwa mai kusan ma'ana ɗaya wanda shi kuma ba ya tafiya sai da "to". Ana cewa "make him go" amma "force him to go". "Let her speak" amma "allow her to speak". "Have them wait" amma "get them to wait". Daga nan ne "Allow me go" da "Let me to go" suke fitowa, an ɗauki dokar wannan an ba wancan. Ma'ana ba za ta nuna wa mutum wanne ne wanne ba. A ganina gara a haddace su bibbiyu, da cikakkiyar jimla, maimakon a haddace doka. Shi kansa Turancin ba tun asali ya tsaya a kan wannan ba. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta Ingila, wadda ta fito a 1611, akwai "he maketh me to lie down", da "to" ɗinsa bayan "make". Yau in ɗalibi ya rubuta haka a jarrabawa, za a soke.

Sai aikatau na gani da ji: "see", "hear", "watch", "feel", "notice". A nan Hausa taimako take yi, kuma ina son wannan wurin ƙwarai. "Na gan shi ya tsallaka titi" daban yake da "Na gan shi yana tsallaka titi". A ta farko ka ga aikin tun daga farko har ƙarshe, a ta biyu ka riske shi ne a tsakiya. Turanci ma haka ya raba: "I saw him cross the road" ita ce ta farko, "I saw him crossing the road" ita ce ta biyu. Wanda ya riƙe bambancin "ya" da "yana" ya riga ya riƙe wannan.

Akwai wani juyi da ke ba mutane mamaki. In aka juya jimla aka sa wanda aka yi wa aikin a gaba, "to" yana dawowa. "They made him apologise" ta koma "He was made to apologise". "We saw her leave" ta koma "She was seen to leave". "Let" kuwa ba ya karɓar wannan juyi yadda ya kamata, sai a ari "allow": "He was allowed to go".

"Help" shi ne mai sassauci. "Help me carry this" da "Help me to carry this" duk daidai ne, sai dai mutanen Amurka sun fi yawan cire "to" ɗin. Bayan "had better" da "would rather" ma tsuran aikatau ne: "You had better leave", "I would rather stay". In za a kore aikin, "not" kawai ake sakawa kafin aikatau, ba tare da "do" ba: "You had better not tell him".